Gidajen Adabraka da ke Tafiya Ɗaya Bayan Ɗaya

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan wata unguwa ce da yawancinmu mazauna Akra muke ratsawa a cikin motocin haya na trotro ba tare da mun ɗaga kai mun dubi gine-ginenta ba. Ina nufin Adabraka, wadda ke tsakanin Tudu da shataletalen Kwame Nkrumah.

Unguwar nan annoba ce ta haife ta. Bayan Turawan Ingila sun ɗauke hedikwatar mulkinsu daga Cape Coast zuwa Akra a 1877, gari ya cika ya batse a bakin teku, mutane suka cunkushe a Jamestown da Usshertown, su kuwa Turawa suka ware wa kansu wuri mai iska a Victoriaborg. A 1908 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta faɗa wa garin. Hukuma ta kira wani likita mai suna Simpson daga Landan, aka rushe gidaje a tsofaffin unguwanni, aka tura mutane bayan gari. Daga nan Korle Gonno ta samu a yamma, Adabraka a arewa. A shekarun nan ne kuma Malam Baƙo ya bar cunkoson tsohon zango ya kafa Sabon Zango a filin da ya samu wurin sarakunan ƙabilar Ga, 'yan asalin Akra. Cikin waɗanda suka fara zama a Adabraka akwai Musulmi fatake da masu shanu, don haka ba tarihin wasu muke faɗa ba, da mu a ciki tun daga tushe.

Abin da ya ɗaukaka unguwar shi ne kuɗin koko. A zamanin Gwamna Guggisberg, daga 1919 zuwa 1927, an buɗe asibitin Korle Bu, layin dogo ya haɗa Akra da Kumasi a 1923, gari ya yi ta neman akawuna da malaman makaranta da lauyoyi da dillalai. Waɗannan 'yan ƙasa ne masu abin hannu, unguwar Turawa ba ta karɓarsu, tsohon gari kuma ya yi musu ƙunci. Sai suka sayi filaye a Adabraka, inda aka yanka tituna miƙaƙƙu, suka gina gidajen da za su nuna cewa baƙar fata ma ya san daɗin zama.

To, mu tsaya a ƙofar ɗaya daga cikin gidajen nan mu duba da kyau. Bene ne hawa ɗaya. Ƙasa an gina shi da bango mai kauri, kanti ko sito na fuskantar titi. Sama kuwa baranda ce doguwa ta zagaye gaban gidan, a kan ginshiƙai, wasu da baka a tsakaninsu. Tagogin na katako ne masu zara-zaran filanki a karkace, waɗanda ko an rufe su iska na wucewa, rana kuwa ba ta shiga. Rufin kwano ya zarto bango sosai, saboda ruwan damina ya zuba nesa da gini. Silin na can sama, zafi ya tashi ya bar mutane a ƙasa. Matakala sau da yawa a waje take, ta gefen gida, yadda maigida zai hau samansa ba tare da ya ratsa ɗakin kowa ba. Idan ka leƙa baya sai ka tarar da tsakar gida, ɗakuna a jere na dangi da 'yan haya, ga madafa ga wurin shanya. A goshin wasu gidajen har yau ana iya karanta shekarar da aka gama ginin, an zana ta da siminti.

Duk wanda ya sha wahalar dumsor, wato yawan ɗaukewar wutar lantarki, ya san darajar wannan fasaha. Wuta ta ɗauke da tsakar rana, mai zaune a sabon ginin gilashi ya fito yana zuba gumi, tsohuwar da ke barandar gidan kakanta kuwa ko mafici ba ta nema ba. Maginan da kafintocin da suka yi aikin nan sun san daga inda iskar teku ke busowa, sun kuma yi gini a kan haka. Sun ɗauko wani abu daga salon 'yan mishan, wani daga 'yan Tabom da suka dawo daga Barazil, tsakar gidan kuwa tamu ce ta gado.

Yau gidajen nan tafiya suke yi. Dalili na farko gado ne. Gidan da mutum ɗaya ya gina ya zama na jikoki da tattaɓa-kunne, wasu na Kumasi, wasu na Landan, wasu ba sa ga-maciji da juna. Kwano ya fara yoyo, kowa na jiran ɗan'uwansa ya ciro kuɗi, gara ta shiga katako, baranda ta sunkuya. Ana cikin haka mai kuɗi ya zo da tayin da ba a iya ƙi, tunda fili a tsakiyar Akra ya yi tsadar da ba a magana. Cikin mako guda katafila ta share wurin, sai ofis ko otal. Waɗanda ba a rushe ba an toshe barandarsu da bulo an mayar da ita shago, an cire tagogin katako an sa na gilashi, allunan talla sun rufe fuskar gidan. Ga kuma ambaliya daga kwarin Odaw da ke jiƙa gindin bango kusan kowace damina. Babu wanda ya manta daren 3 ga Yuni 2015, da ruwa da gobara suka haɗu a kusa da shataletalen suka hallaka mutane fiye da 150.

Ba na ganin laifin magadan da suka sayar. Mutumin da ke neman kuɗin makarantar 'ya'yansa ba za a ce masa ya riƙe gida mai yoyo saboda tarihi ba, alhali ba wanda ya ba shi ko sidi ɗaya na gyara. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muka fahimci kayan tarihi a ƙasar nan. Tun 1979 hukumar UNESCO ta sa ganuwoyin Turawa na bakin teku cikin jerin kayan tarihin duniya, ciki har da James Fort da Ussher Fort da fadar Osu. Ya dace a adana su, domin shaida ce ta cinikin bayi. Amma waɗannan gine-ginen baƙi ne. Gidajen Adabraka kuwa kakanninmu ne suka gina da guminsu, da tsarin da suka zaɓa wa kansu, kuma sun tsaya da ƙafafunsu har bayan girgizar ƙasar da ta jijjiga Akra a watan Yuni na 1939. Gidan adana kayan tarihi na ƙasa da aka buɗe a 1957 yana nan kan titin Barnes, tafiyar ƙafa ce daga gidajen da ake rushewa.

Kirana ga hukumar kula da kayan tarihi da majalisar ƙaramar hukumar yankin shi ne su fara da ƙidaya: a bi titin Kojo Thompson da Farrar da lungunan da ke tsakaninsu, a rubuta kowane tsohon gida, a ɗauki hotonsa, a auna shi. A zaɓi waɗanda suka fi daraja a sauƙaƙa wa masu su harajin gida, da sharaɗin za su gyara ba tare da sun ɓata fuskar ginin ba. Ɗaliban zanen gine-gine na jami'ar kimiyya da fasaha ta KNUST da ke Kumasi za su iya aikin awon a lokacin hutu.

Sarakunan zango da limamanmu kuma akwai nasu rabon. Dattawan da suka san wanda ya gina gida kaza, da fataken da suka sauka a zaure kaza, suna nan a Adabraka da Tudu da Sabon Zango, amma shekaru sun ja. A tura matasa da waya su zauna da su bayan la'asar su naɗi abin da suka sani. Iyalin da tayin saye ya riga ya zo musu kuwa, kafin a sa hannu a takarda, a kira mai hoto ya ɗauki gidan ciki da waje, a ajiye wa jikoki.