Daga Azare zuwa kujerar hafsan sojin sama: tafiyar Sadique Abubakar

Jama'a, assalamu alaikum. Duk wanda ke zaune a Sakkwato, musamman can gabas wajen Isa da Sabon Birni, ya san ƙarar jirgi mai saukar ungulu. Yara kan fito su ɗaga kai, manya kuma su yi addu'a Allah ya sa lafiya. To wannan da ke riƙe da jirgin, shekara nawa ya kwashe kafin a damƙa masa shi? Mu ɗauki tarihin mutum ɗaya mu gani.

An haifi Sadique Baba Abubakar a Azare ta jihar Bauchi a 1960. Lokacin ma Najeriya ba ta da rundunar sojin sama, don sai a 1964 aka kafa ta, Jamusawa suka taimaka wajen horas da 'yan farko. Ya shiga aikin a 1979, yana ɗan shekara 19, ya kuma ƙware a tuƙin jirgi mai saukar ungulu. Wannan fanni ba wasa ba ne. Shi jirgin yaƙi yakan wuce ne kamar walƙiya, amma mai saukar ungulu yana sauka ƙasa-ƙasa, ya kai sojoji, ya kwaso masu rauni, harsashin ƙasa na iya kai masa.

Daga nan sai hawan muƙamai, kowanne da kwas ɗinsa da jarrabawarsa, a tura ka wannan sansani yau, gobe wancan. Sai a watan Yulin 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya naɗa shi babban hafsan sojin sama. Ku lissafa: shekara 36 ke nan yana cikin kaki.

Ya karɓi rundunar a lokacin da rikicin Boko Haram ke ci a arewa maso gabas, ga ƙarancin jirage masu tashi. Abin da ya fi burge ni a zamaninsa shi ne yadda ya mayar da hankali kan horas da matuƙa, domin jirgi da kuɗi ake saye, matuƙi kuwa sai an raine shi. Aka kawo jiragen koyo na Super Mushshak daga Pakistan, da jiragen yaƙi masu saukar ungulu na Mi-35M daga Rasha. A Oktoban 2019 aka liƙa wa Kafayat Sanni da Tolulope Arotile fukafukan ƙwarewa, ɗaya a jirgin yaƙi, ɗaya a mai saukar ungulu na yaƙi, mata na farko da suka kai wannan matsayi a ƙasar. Mu nan arewa maso yamma kuwa, a 2018 aka ƙaddamar da farmakin Diran Mikiya kan 'yan bindigar dazukan Zamfara, maƙwabtanmu na ƙut da ƙut.

Amma akwai ranar da ba za a tsallake ba. A 17 ga Janairun 2017, jirgin rundunar ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a jihar Borno. Mata da yara da ma'aikatan agaji suka rasu, mutanen da suka gudo neman mafaka. Wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi. Allah ya jiƙansu. Wannan ma yana cikin kundin shekarunsa, kamar yadda nasarorin suke ciki.

A 2018 gwamnati ta biya Amurka kusan dala miliyan 500 don jiragen Super Tucano guda 12. Shi ya bi maganar shekara da shekaru, amma ya sauka daga muƙami a Janairun 2021, aka tura shi jakada Chadi. Guda shida na farko sun dira Kano a watan Yuli, wata shida bayan tafiyarsa, wanda ya gaje shi, Iya Mashal Oladayo Amao, shi ya tarbe su.