Baƙin ganye ba shi ne ƙarfi ba: hira kan sigar maduro

Nura: Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Tun da Yaya Bala ya ɗora hoton baƙar sigar nan, wato babban karan taba da ake naɗawa da ganyen taba zalla, saƙonni ba su tsaya ba, kuma tambayar ɗaya ce: wai wannan ba za ta kayar da mutum ba?

Bala: Ka ji inda ake ɓata. Da an ga maduro, wato siga mai baƙin ganyen waje, baƙa wuluk tana ƙyalli sai a ce ƙarfi ne. Alhali ganyen waje riga ce. Akwai ganyen ciki, akwai wanda ya ɗaure shi, sannan rigar. Abin da ke juya wa mutum kai yana ciki. In aka cika ta da ligero, ganyen can ƙololuwar shuka da ya fi shan rana, to ko rigar fara ce tas sai ka nemi wurin zama.

Asabe: To baƙin daga ina? Rini?

Bala: A na banza akwai masu rinawa, za ki ga launi ya maƙale wa mutum a leɓe da yatsu. Amma ta gaske aikin haƙuri ce. Bayan ganye ya bushe a rumfa, sai a yayyafa masa ruwa, a jibge shi tari guda. Nauyinsa da laimar su ke haifar da zafi a tsakiya. In zafin ya kai inda ake so, sai a rushe tarin, na tsakiya ya koma gefe, na gefe ya shiga tsakiya, a sake ginawa. Watanni ana wannan juyi. Warin ammoniya na fita, kaifin na kwantawa, ganye na duhu, ɗan zaƙi na tasowa. Kuma ba kowane ganye ke jure wannan ba. Connecticut Shade da ake nomawa ƙarƙashin rumfar yadi siriri ne, lalacewa zai yi. Sai mai kauri, irin Broadleaf na Amurka, ko San Andrés na jihar Veracruz a Meziko, ko Mata Fina na Bahia a Brazil.

Nura: Kuma kowanne da ɗanɗanonsa.

Bala: Sosai. Broadleaf zaƙi-zaƙi ne, kana jin koko da gahawa. San Andrés ya fi jan mutum wajen ƙasa-ƙasa da ɗan yaji.

Asabe: Tsaya Yaya. Ƙasa? Ka taɓa cin ƙasa ne?

Bala: Ƙamshi nake nufi.

Asabe: A'a, ɗanɗano ka ce. Ran nan ma na ji ka ce wata tana da ɗanɗanon fata.

Nura: Fatar takalmi ko ta jaka?

Bala: Ku dai ba ku da dama.

Nura: Gara mu sani, don in ka zo gidana in ɓoye takalma.

Asabe: Ni abin da ke ba ni dariya, mutum ya lumshe ido ya ce yana jin itacen sida, da busasshen inabi, da ƙasa bayan ruwan sama. Duk a hayaƙi ɗaya!

Nura: Wace ƙasar ma tukuna, jigawa ko fadama?

Bala: To kun gama? Sidan dai gaskiya ne, don da katakonsa ake lulluɓe cikin akwatin ajiya, ƙamshin kuma yana shiga ganye. Sauran kuwa hanci ne ke kama su, shi ya sa masu sha ke fitar da ɗan hayaƙi ta hanci. Ba a zuƙa zuwa ƙirji.

Asabe: Kada wani ya ji haka ya ɗauka ta fi sigari sauƙi. Ko ba a haɗiye hayaƙin ba tana jawo kansar baki da ta maƙogwaro, kuma babban kara ɗaya zai iya ɗaukar taba kwatankwacin kwalin sigari guda.

Bala: Wannan ba musu, kuma ba na kiran kowa ya fara. Aikin hannun ne ke burge ni. Ku riƙe wannan. Mai irin wannan girma ana ce mata robusto, tsawonta inci 5, kaurinta 50, wato kashi 50 cikin 64 na inci. Nura, ɗan matsa ta a hankali daga kai zuwa gindi.

Nura: Tana ɗan lotsawa tana dawowa.

Bala: Yauwa, kuma ko'ina daidai. In ka ji dunƙule mai tauri, iska ba za ta wuce ba, sai ka yi ta ja har kumatu su gaji. In ka ji rami, za ta ci da sauri ta yi zafi ta yi ɗaci. Ganyen ciki dogaye ne daga kai har gindi, ba gutsattsari ba, shi ya sa toka ke tsayawa ba ta zuba. Dubi ɗinkin rigar, da ƙyar kake ganin inda ya zagaya. Sai 'yar hular nan ta kai, da ƙaro mara ɗanɗano ake manna ta. Jijiyoyin nan da kuke gani kuwa ba aibi ba ne, Broadleaf dama ba santsi gare shi ba. Matsalarsa ɗaya, kauri da maiƙo na sa wuta ta yi nawa, wani lokaci gefe ɗaya ya riga ɗaya.

Asabe: Wannan me ya sa ta yi kusurwa huɗu?

Bala: Matse ta aka yi. Padrón sun shahara da wannan. José Orlando Padrón ya bar Kuba ya kafa kamfanin a Miami a 1964, ganyensu kuma na Nikaragwa ne. Ita Kuba kanta sai 2007 ta fitar da sigarta mai suna Cohiba Maduro 5, rigar tana kwana shekara 5 kafin a naɗa.

Nura: Da ka ambaci Kuba, ba labarin Kennedy, tsohon shugaban Amurka?

Bala: Kai, wannan mutumi! A 1962, kafin ya sa hannu kan takunkumin hana kayan Kuba shiga Amurka, sai ya aiki kakakinsa Pierre Salinger ya nemo masa siga. Salinger da bakinsa ya ce kara 1,200 ya samo. Da ya tabbata sun shiga hannu, sai ya jawo takarda ya rattaba.

Asabe: Wato ya cika rumbunsa sannan ya rufe kasuwa.

Nura: Ko a cikinsu akwai mai ɗanɗanon takalmi?

Bala: Nura, Allah zan tashi. Saura maganar ajiya, laima wajen kashi 70 cikin ɗari, ko da yake wasu na rage wa maduro kaɗan saboda...

Nura: Yaya, ana ɗaga mana hannu, lokaci ya tafi.

Bala: Ban ma yi zancen ƙwaron da ke huda ganye ba.

Asabe: A bar ƙwaro sai wani makon. Ku ci gaba da turo saƙonni, sai an jima.