Lemu Biyu, Ɗaya a Firji Ɗaya a Kan Tebur

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kallo. Ga lemu biyu da na saya a rana ɗaya, makonni biyu ke nan. Na hannun daman nan a firji ya zauna, na hagun kuwa na bar shi a kan tebur kusa da na'urar ɗumama ɗaki, wadda ba ta hutawa tun da hunturu ya kankama a ƙasar da nake zaune. Ku duba yadda ɓawonsa ya yamushe, ya yi laushi, kuma a tafin hannu ya fi ɗan'uwansa sakayau, saboda ruwan jikinsa ya yi ta tsanewa.

Wannan ido yana gani, amma asarar bitamin C a ɓoye take faruwa. A kowane giram 100 na tsokar lemu akwai kimanin miligiram 50 na wannan sinadari, wanda jikin ɗan Adam ba ya iya samar wa kansa. Babban abokin gabansa shi ne iskar oksijin. Idan suka haɗu, da farko yakan rikiɗa zuwa wani nau'i da jiki zai iya amfani da shi, amma da zarar ya zarce mataki na gaba, ya lalace ke nan babu gyara. Zafi yana ƙara wa wannan aiki sauri, haka ma haske, haka ma ɓurɓushin tagulla ko ƙarfe idan ya taɓa ruwan.

Sai dai kada mu yi wa lemu rashin adalci, domin tsaminsa da ɓawonsa suna kare bitamin ɗin, shi ya sa asararsa take tafiya a hankali idan aka kwatanta da ganyaye, waɗanda kan yi asara mai yawa cikin kwanaki kaɗan. Masu adana lemu mai yawa sukan riƙe sanyin rumbu tsakanin digiri 3 zuwa 9 a ma'aunin Salshiyas, tare da danshi sosai. Sanyin da ya wuce haka, idan ya daɗe, yakan bar tabo a ɓawo, ledar da aka ɗaure tam kuma fumfuna take gayyatowa.

A ganina, inda aka fi yin sakaci shi ne bayan an sa wuƙa. Lemun da aka yanka ko aka matse ya rasa garkuwarsa, saboda haka a zuba ruwan a kwalbar gilashi, a cika ta har wuya don kada iska ta sami wurin zama, a rufe, a sa a firji.

Irin wannan kuskure ya taɓa cin James Lind, likitan sojojin ruwan Birtaniya. A 1747, a cikin jirgin Salisbury, ya gwada magunguna a kan ma'aikata 12 masu cutar rashin bitamin C, wadda ke sa dasashi zubar da jini, kuma biyun da ya ba lemun zaƙi da na tsami ne suka fi saurin murmurewa. Daga baya ya ba da shawarar a ɗumama ruwan har ya yi kauri domin ya jure doguwar tafiya, ashe zafi da daɗewa suna cinye mafi yawan maganin.

Bari in yanka na hagun nan in sha yanzu, tun bai kwana na goma sha biyar kusa da na'urar ba.