Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi Yayin Ziyararsa a Makarantar Ƙauyenmu

Mai Girma Kwamishinan Ilimi, Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma, ranka ya daɗe Mai Gari, malamanmu, iyayenmu maza da mata, ɗalibai, assalamu alaikum.

A madadin ƙungiyar iyaye da malamai da ɗaukacin jama'ar wannan ƙauye, ina yi wa babban baƙonmu da 'yan tawagarsa barka da zuwa, sannunku da hanya. Mun ji daɗi ƙwarai da kuka tako da kanku, domin zuwa da kai ya fi aike.

Ranka ya daɗe, duk wanda ya ji cewa ƙauyenmu yana daf da birni sai ya ɗauka mun huta, kuma ba za mu yi butulci ba, kusancin yana da amfaninsa. Manomi yana kai amfanin gonarsa kasuwa ya dawo a yini guda, mara lafiya yana isa babban asibiti, matasanmu kuma suna samun aikin gini da na sufuri. Sai dai idan aka zo rabon ayyukan raya karkara, akan tsallake mu da cewa ai mu 'yan birni ne, idan kuma aka zo tsara ayyukan birni, sai a ce iyaka ba ta kawo kanmu ba. Da dare muna hango fitilun birni daga ƙofar gidajenmu, yaranmu kuwa suna bitar karatu da tocila. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Babu inda wannan hali ya fi bayyana kamar a makaranta. Malamin da aka tura ƙauye mai nisa dole ya tare a can, ya zama ɗan gari, ya san iyayen kowane yaro. Wanda aka turo mana kuwa yakan zauna a birni ya riƙa jeka-ka-dawo, kuma ba mu ga laifinsa ba, tunda babu gidan da za mu sauke shi. Kuɗin mota yana cin albashinsa, ranar da aka yi ruwan sama hanya ta ɓaci sai darasin farko ya wuce bai iso ba, da zarar ya sami dama kuma sai ya nemi a mayar da shi cikin gari. Iyaye masu hali, waɗanda da su ne za su tsaya wa makarantar a taro, sun kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi na birni, aka bar mana 'ya'yan talakawa a aji mai cunkoso, wasu a kan benci, da yawa a ƙasa.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne makomar yaro bayan aji shida. Ba mu da ƙaramar sakandare, wadda ke kusa kuma sai an tsallaka babban titi kafin a kai gare ta. Namiji yakan daure ya yi tafiyar na ɗan lokaci kafin neman kuɗi a tasha ya ja hankalinsa, mace kuwa sau da yawa iyayenta ba sa yarda ta bi wannan hanya ita kaɗai, sai karatun ya tsaya a nan, alhali kuwa 'yan matan ne suka fi yawa a sahun gaba in an fitar da sakamakon jarrabawa. Sashe na 28 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta shekarar 1989 ya wajabta ilimin firamare kyauta ga kowane yaro, muradi na 4 cikin Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa da aka amince da su a 2015 kuma ya ƙara da sakandare kafin shekarar 2030. Wa'adin ya matso, mu kuwa ko tubalin farko ba mu gani ba.

Akwai kuma maganar fili. Birni yana ta matsowa, gonaki suna komawa filoti, dillalai kuma sun fara zagaya filin wasan yaranmu, wanda ba shi da katanga, ba shi da takardar mallaka. In aka yi sake aka yanka shi, ko gwamnati ta ware kuɗin ƙarin azuzuwa daga baya, ba za a sami inda za a gina su ba.

Saboda haka muna roƙon Mai Girma Kwamishina, kafin komai, ya sa a auna filin makarantar a ba shi takarda, domin wannan ba ya jira. Bayan haka muna neman azuzuwan ƙaramar sakandare da gidajen malamai, tare da ƙarin malamai mata. A namu ɓangaren, Mai Gari ya ba da tabbacin cewa jama'a za su fito aikin gayya, kuma ƙungiyarmu za ta ɗauki nauyin bin sawun duk yaron da ya daina zuwa aji.

Yanzu shugaban makaranta zai miƙa muku waɗannan buƙatu a rubuce, sannan mu roƙe ku da ku zaga azuzuwan kafin a tashi yara. Allah ya ƙara girma, ya mayar da ku gida lafiya. Wassalamu alaikum.