Kwamfuta ta ce sensa? Dakata tukuna

Tun da fetur ya yi tsada, duk wanda fitilar cek injin ta kama a motarsa sai ya ce oksijin sensa ce ke shanye masa mai. A sa kwamfuta, ta fito da lambar matsala P0171, shi ke nan an kama hanyar Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota ta Legas.

Dakata, ɗan'uwa.

Ga sensar nan a jikin salansa, kafin matatar hayaƙin da kanikawan Legas ke kira indomi. Aikin sensar ta shinshina hayaƙi, ta gaya wa ƙwaƙwalwar mota ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. P0171 na nufin iska ta rinjayi mai. Rahoto sensar ta kawo, ba ƙarar kanta ta kai ba.

To a nan nake so mu daɗe. Bari injin ya yi zafi sosai, sensa mai sanyi ba ta magana. Shiga inda kwamfutar ke nuna karatu kai tsaye. Ka ga layin nan? Sama, ƙasa, sama, ƙasa, tsakanin volt 0.1 da 0.9. Lafiyayya ke nan.

Yanzu kalli hannuna. Na zare wannan ƙaramin tiyon iska, layin ya faɗi nan take, alamar iska ta yi yawa. Na mayar. Na taka totur da ƙarfi sau ɗaya... ya haura 0.8, alamar mai ya yi yawa. Sensar da ta amsa haka gaskiya take faɗa, sai ka nemi ɓarnar a wani wuri: tiyon da ya tsage, nozul da ya toshe, famfon mai da ya gaji, ko salansar da ta huje kafin a kai ga sensar. Da ramukan titunanmu da ruwan damina, wannan na ƙarshen ba baƙo ba ne.

Masu Camry da Corolla, ku saurara. A yawancinsu sensar gaba wani nau'i ne daban, tana zama wajen volt 3.3, ba ta wannan rawar. Na sha ganin an cire lafiyayya an jefar saboda haka, kuma wallahi abin yana ci min rai, kuɗin cefanen mutum ne ya tafi a banza.

In kuwa layin ya kwanta a 0.45 bai motsa ba, duba waya da soket, ɓera ma yana cin su. Lambar P0135 kuma matsalar hitar da ke ɗumama sensar ce: duba fis tukuna, sannan ka sa mitar gwada wuta. Sai duk waɗannan sun fita lafiya za ka saya, kuma ka tafi da tsohuwar a hannu a gwada lamba da lamba.