Amsoshin Tambayoyinku: Mutum-mutumin Kurmin Osun a Osogbo

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani direban babbar mota da ke zaune a Funtuwa. Ya ce ya kai kaya Osogbo, aka zaga da shi wani kurmi a bakin kogi, ya ga mutum-mutumi manya-manya, wasu da hannuwa barkatai, wasu kamar daga ƙasa suka tsiro. Yana tambaya: shekarunsu nawa, kuma gaskiya ne wai wata Baturiya ce ta yi su?

To Malam, sannu da hanya. Wurin da ka gani shi ne kurmin Osun, wanda Yarbawa masu addinin gargajiya ke ɗauka a matsayin mazaunin Osun, abar bautarsu ta ruwa da haihuwa. Faɗinsa ya kai hekta 75. Kurmin tsoho ne ƙwarai, amma manyan siffofin nan da suka ja hankalinka ba su tsufa ba, yawancinsu daga shekarun 1960 aka fara gina su. Gansakuka da ruwan sama ne suka sa mai kallo ke zaton sun shekara ɗaruruwa.

Batun Baturiya kuwa, akwai ƙamshin gaskiya, sai dai ba ita kaɗai ba ce. Sunanta Susanne Wenger, an haife ta a birnin Graz na ƙasar Ostiriya a 1915. Ta zo Najeriya a 1950 tare da mijinta na lokacin, Ulli Beier, wanda ya samu aikin koyarwa a Ibadan. Ta yi fama da tarin fuka, bayan ta warke ta shiga addinin gargajiyar Yarbawa gadan-gadan, har suka laƙaba mata suna Adunni Olorisha. A Osogbo ta ƙare rayuwarta, ta rasu a watan Janairun 2009.

Lokacin da ta isa garin, kurmin na gab da salwanta. Gara ta cinye ɗakunan bauta, ɓarayi na kwashe sassaƙe-sassaƙen itace, an sare wani sashe an dasa itatuwan katako, mafarauta da masunta kuma sun fara shiga inda a da ko kusa ba a yarda ba. Sai ta tara masu sana'ar hannu na garin, birkiloli da kafintoci da masassaƙa, suka dukufa. Fitacce a cikinsu shi ne Adebisi Akanji, wanda asalinsa birkila ne. Ni dai a ganina ana tauye wa mutanen nan haƙƙi idan aka ce aikin Baturiya ne kawai, domin hannuwansu ne suka kwaɓa simintin.

Me ya sa siminti, ba itace ba kamar yadda kakanninsu suka saba? Saboda gara, saboda kuma ɓarayi. Ɗan gunkin itace ana iya sa shi a buhu a tsallaka iyaka da shi, amma wa zai ɗauki abin da aka kafe a ƙasa da rodi? Sukan lanƙwasa rodi da waya su fitar da ƙashin siffar, sannan su bi da siminti. Ba su kuma yarda da miƙaƙƙen layi ba. Duba katangun wurin da ƙofofinsa, za ka ga suna murɗewa kamar saiwar itace, ga fuskokin mutane da macizai da kifaye suna leƙowa daga jikinsu. Mai hannuwa da yawa da ka ambata, wataƙila Iya Moopo ce, wadda suke dangantawa da sana'o'in mata irin su ginin tukwane. Sai ka ɗaga kai sosai kafin ka ga fuskarta.

Siffofin nan sun zame wa kurmin shinge. Da mutane suka ga an raya wurin, masu gatari suka ja da baya. A 1965 gwamnati ta sa wani ɓangarensa cikin wuraren tarihi na ƙasa, a 2005 kuma hukumar UNESCO ta sa shi a jerin wuraren tarihi na duniya, na biyu a Najeriya bayan Sukur da ke jihar Adamawa. Shi ya sa har yau birrai ke tsalle a kan itatuwa a gefen Osogbo, babban birnin jihar Osun. Kowane watan Agusta ake bikin Osun, inda wata budurwa da suke kira Arugba ke ɗaukar ƙwarya zuwa bakin kogi, sarkin garin, Ataoja, da dubban mutane na biye. Matsalar yanzu ita ce siminti na tsagewa, rodi na tsatsa, ga masu haƙar zinariya da ke gurɓata ruwan kogin daga sama.

Sai wata ɗaliba daga Kafanchan, wadda ke son sanin ko siffofin Nok na yankinsu da na Osogbo tushensu ɗaya. A'a, 'yar'uwa, tazarar da nisa. Na Nok da yumɓu aka yi su aka gasa, sun haura shekara 2,000. Masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da su a 1928, sannan wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya bi diddiginsu a shekarun 1940. Za ki gane su da idanunsu masu kusurwa uku da huda a tsakiya. Idan kina son ganinsu ido da ido, gidan adana kayan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, bai yi miki nisa ba.