Allurar kashe yunwa da bakin mutane

An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wani taron mata a Aboabo, Kumasi, ƙasar Gana. Mai jawabin ma'aikaciyar jinya ce da ke kula da masu ciwon suga.

Assalamu alaikum. Iyayena, yayyena da ƙannena, sannunku da fitowa. Na baya kuna jina? To, madalla.

Kwanan baya a wajen wani suna, wata Hajiya ta ja ni gefe, ta yi ƙasa da murya ta ce, "'Yata, allurar nan mai kashe yunwa, za ki samo mini?" Na ce, "Hajiya, likita ne ya ce ki rage jiki?" Ta ce a'a, maƙwabtanta na shago a kasuwar Kejetia ne suka laƙaba mata "obolo", wato mai ƙiba, in za ta hau bene sai an yi dariya. A makon nan kuma wata amarya ta zo tambayar Apetamin, maganin buɗe ciki, wai dangin miji sun ce tun da aka kawo ta ba ta yi kumari ba. Wannan tana so ciki ya rufe, waccan tana so ya buɗe, kuma ba likita ne ya turo ko ɗaya ba. Baki ne ya turo su.

Allurar da Hajiya ke nufi ita ce Ozempic. Kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak ne ke yin ta, maganin da ke ciki kuma sunansa semaglutide. Amurka ta amince da ita a 2017 don masu ciwon suga, sai a 2021 aka fito da Wegovy, magani iri ɗaya amma da ƙarin ƙarfi, don masu ƙiba. Sau ɗaya ake yi a mako, ƙarƙashin fata.

Ga yadda take aiki, ku ba ni hankalinku nan. Idan kin ci waakye kin ƙoshi, hanjinki yana sakin wani sinadari, GLP-1, ya kai wa ƙwaƙwalwa saƙon cewa ya isa haka. Na jiki ba ya daɗewa, cikin 'yan mintoci ya watse. Allurar kwaikwayonsa take yi, amma ita tana kwanaki a jini. Abinci ya daɗe a ciki bai wuce ba, marmari ya kwanta, a ajiye miki tuwon zafi da miyar ayoyo ki yi loma uku ki ture kwano. A wani babban bincike da aka fitar a 2021, waɗanda aka yi wa ita sun sauke kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu a makonni 68. Mai kilo 100 ta koma wajen 85 ke nan.

Ni wannan ya gyara mini tunani, ba zan ɓoye muku ba. Na shekara da shekaru ina yi wa marasa lafiya faɗa, ina cewa kwaɗayi ne, rashin kama baki ne. Ashe yunwar ma ba ɗaya ba ce. Wata ƙararrawar ƙoshinta da wuri take bugawa, wata kuwa sai ta side kwano ba ta ji komai ba. Allah Ya yafe mana abin da muka faɗa cikin rashin sani.

Sai dai fa zuma da harbi take. Akwai tashin zuciya, amai, gudawa ko taurin bayan gida, wasu har tsakuwa a matsarmama. Mai ciki ba ta yi, mai neman ciki ma sai ta daina wata biyu kafin ta ɗauka. Waɗanda aka bi sawunsu bayan sun daina, cikin shekara guda kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke ya dawo. Wato ba allurar biki ba ce da za ki yi don ashobi ya shige ki. Kuɗinta na iya cinye albashin wata, kuma a firij ake ajiye ta, ku da kuka san dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ba sai na yi dogon bayani ba. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa an kama jabunta a Birazil da Ingila da Amurka. In jabu ta shiga can, ina ga wadda ake tallar ta a WhatsApp, ɗan okada ya kawo miki a leda?

Shayin rage tumbi kuwa ban ma son tsayawa a kansa. An sha samun sibutramine a ɓoye cikin irinsu, maganin da aka janye daga kasuwa tun 2010 saboda yana taɓa zuciya.

Bari in dawo kan baki, don ni ma ya taɓa ni. Wata shekara shugabata a wajen aiki ta zaunar da ni bitar ƙarshen shekara. Ta yaba zuwana da wuri da yadda nake riƙe marasa lafiya, sai ta rufe da cewa, "Amma ki duba jikin nan naki, kina ba mu kunya." Wallahi yabon duk ya tashi, maganar ƙarshen kaɗai na kai gida. Da cewa ta yi rubutuna ba ya karantuwa, da na gyara washegari. Wanda ke sama da ke yana da ikon gyara miki aiki, ƙugunki kuwa ba ya cikin takardar ɗaukar aiki. Suratul Hujurati aya ta 11 ta hana izgili da jifan juna da sunayen banza, ban ga inda aka ware masu ƙiba ba.

Akwai masu cewa yin allurar ha'inci ne, mutum ya bi hadisin nan na raba ciki uku: abinci, ruwa, numfashi. Hadisi gaskiya ne, kowa ya riƙe shi. Amma ban taɓa jin an ce wa mai hawan jini ha'inci yake ba don ya haɗiyi ƙwaya. Wadda suga ya kama, gwiwa ta ƙi ɗaukar ta, ta je asibitin Komfo Anokye ko wanda ke kusa, a auna jininta, likita ya yanke. Hajiyar Kejetia kuwa na auna ta, sugarta lafiya, jininta lafiya, na ce ta rage burkina, wato nono da gero, da lemon kwalba, ta riƙa takawa da safe.

Ina ganin hannu can baya. Na'am, Mma? Ko tana karya azumi? Wannan na Malam ne, ga shi nan zaune zai amsa. Nawa dai, mai ciwon suga ta ga likitanta tun cikin Sha'aban a daidaita mata magani. Asabar mai zuwa kuma kowa ta zo da duk kwalbar da take sha, har wadda aka ɓoye a ƙasan akwati, mu karanta abin da ke jikinsu tare.